Ciyawar Teku da Karan Dafin Baba

Hunkuyi,
watan Afrilu, 1944.

Zuwa ga babban wana, Yaya Ja'afaru, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Wannan takarda ta taso daga hannun ƙanenka Ashafa, tana ɗauke da gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Safiyatu da yara duka. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya tsare ka daga sharrin ruwa da sharrin baƙon wuri, ya sa mu sake ganin juna ido da ido muna masu farin ciki, amin. In ka tambayi lafiyarmu, mu nan sai godiyar Allah.

Baba yana nan da ƙarfinsa, in ban da gwiwar nan tasa ta hagu da ke tashi duk ranar da ya daɗe a tsugune gaban kwatarniyar bagaruwa. An hana shi, bai hanu ba. Inna ta sami sauƙin idon da ya dame ta da kaka. Ka san ba ta kama sunanka, sai dai in wani ya zo daga Kurmi ta bi ta gefe tana tambaya wai mutumin nan na bakin ruwa yana samun tuwon dawa kuwa, ko kifi kaɗai suke ɗura masa. Ƙanwarmu Ummuhani ta yi tsawo, bakinta ya fi ta tsawo. An gama matsar rake a fadama, dawakan da ke juya injin mazarƙwaila sun samu hutu, rijiyar ƙofar masallaci ta ja baya har sai da aka ƙara igiya. Zafi kam ba a magana, amma hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Bayan haka, Yaya, Sada, ɗan garinmu da ka aiko, ya sauka a tashar Likoro yau kwana goma sha biyu, ya kawo mini kwalbar da na roƙe ka, a naɗe cikin tsumma a cikin gwangwani, ko ɗigo bai zube ba. Ya kuma kawo takardarka. Kafin in taɓa maganar takardar bari in fara da godiya, domin Sada bai ɓoye mini wahalar da ka sha ba. Ya ce sai da ka jira ruwa ya janye, ka naɗe wando har cinya, ka shiga ƙarƙashin gadar katakon da jirage ke tsayawa kana kankarar ginshiƙai da wuƙa, masu kwalekwale suna ta dariya suna tambaya wai yunwa ce ta kai Malam ga cin gansakuka. Ya ce da ka je kantin magani sayen sifirit, barasar likita da za a jiƙa abin a ciki, mai kantin ya dubi carbinka ya dubi kwalbar, ya ce shi dai ba ruwansa. Ya ce hannunka ya kwana biyu yana ƙaiƙayi. Ka yi duk wannan kana fushi da ni, ka kuma yi shi daidai yadda na kwatanta maka. Allah ya saka da alheri, ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka fiye da haka.

Takardarka na karanta ta sau uku. Ka ce Malam Tukur ya rubuto maka cewa na ɓata kayan likita, an ba ni takarda in sa hannu in amsa laifi na ƙi. Ka ce in tuna shi ya sama mini aikin nan saboda abotarku tun makarantar allo, in je in durƙusa masa, in sa hannu, in riƙe aikina. Ka ce in kuwa na ci gaba da taurin kai, kai za ka rubuta takardar ban haƙuri da sunana ka aika Ikara. Yaya, gara ka ji daga bakina: ban sa hannu ba. Ban taɓa musa maka magana ba tun tasowata, shi ya sa nake roƙonka ka daure ka bi ni daga farko, tun da bakin Malam Tukur kaɗai ka ji.

Ka san shekara uku ke nan ina cikin ayarin masu duba ciwon barci. Aikina in zauna gaban madubin likita, wannan mai nuna abin da ido ba ya gani, a ɗiga jini ko ruwan kaluluwar wuya a kan ɗan gilashi, in leƙa in nemo ƙwayar cutar tana wutsil-wutsil kamar tarwaɗa. Karatuna aji biyu ne a elementare, amma ni zama ba ya gundurata, kuma in na ga abu sau ɗaya ba ya ɓace mini. Likitanmu na da, wanda muke ce wa Mai Lofe, ya lura da haka. Daminar bara ruwa ya yanke mana hanya, muka yi sati biyar a barikin Ikara ba fita. Wata rana da hantsi ya fito da wasu kwalabe uku, ya ce tun yana ɗalibi a bakin tekun ƙasarsu yake bin abin da ke cikinsu, aikin likita ya raba su. Ya zaro kaɗan ya sa a ruwa, ya ce in leƙa in faɗa masa ciyawa ce ko dabba.

Kai da ka kankaro shi ka san yadda yake a ido, kamar farar saiwar ciyawa, tsawon gaɓar yatsa. A cikin madubi kuwa itace ne sosai, gaɓa ta karkata nan gaɓa ta karkata can, a kan kowane reshe akwai ɗan ƙoƙo garai-garai, a cikin kowane ƙoƙo wani abu yana zaune da baki a tsakiya, hannuwa sirara sun kewaye bakin kamar gemun masara. Na ce masa ni dai ban taɓa ganin ciyawa mai baki ba. Ya yi dariya har lofensa ya faɗi. Ya ce dabba ce, kuma ba ɗaya ba ce, gida guda ne. Ya nuna mini yadda cikin kowane ɗaya ya zarce ƙasa ya haɗu da na ɗan'uwansa ta cikin karan, hanji ɗaya ya ratsa itacen tun daga gindi har ƙololuwa, abin da na wannan reshe ya haɗiye sai ya gangara kowa ya samu. A hammatar rassan kuma akwai wasu dogaye marasa baki marasa hannu, su ba sa farauta, haihuwa ce aikinsu, 'ya'yan suna jere a ciki kamar an kifa ƙananan malafu, wai in sun ƙosa sai su ɓalle su bi ruwa. Na tashi na yi alwalar azahar raina yana ta juya girman Ubangijin da ya ƙera wannan a inda ba mai gani.

Daga ranar ya koya mini yanka. Ana tsame ruwan jikin abin da sifirit, a binne shi cikin narkakken kaki, in ya daskare a sa a wani ɗan ƙarfe da ake murzawa yana turo kakin sama kaɗan-kaɗan, a yanko da aska siriri fiye da ɓawon albasa. A manna a gilashi, a wanke kakin, a rina da shuɗi da ja, a rufe. Shi hannunsa yana rawa, ni kuwa a gidan da ake kankare fatar akuya ba a huda ta aka haife ni. In aka yanke karan a gicciye, Yaya, zobe ne cikin zobe. Can waje ɓawo ne mai tauri, ba rai a cikinsa, kamar ɓawon rake. Cikinsa sai fatar waje, 'yan ɗakuna ƙanana a jere kamar saƙar zuma, kowane da ɗigon shuɗi a tsakiya. Sai fatar ciki, ɗakunanta dogaye, cike da ɓarɓashin abinci, sun kewaye ramin hanjin. Iyakar jikin ke nan, fata biyu, ba nama ba ƙashi ba jini. A cikin fatar waje, musamman ta hannuwan, akwai 'yan tuluna, kowane da zare a naɗe ciki kamar gammo da ɗan tsinke a baki. Abu na taɓa tsinken sai zaren ya harbo da dafi. Su ne suka sa ka ƙaiƙayi, ka yafe musu, sun ɗauka abinci ne ya kawo kansa.

Abin da ya dami Mai Lofe shi ne tsakanin fatun nan biyu. Ya ce akwai wani shafi siriri a wurin, kamar mannen da baduku ke shafawa tsakanin fata da fata in zai yi kube. Yana so ya ga inda ya yi kauri da inda ya sirance, amma jansa ba ya kama shi sosai, sai ya fito dishi-dishi. Muna cikin haka aka kira shi ya bi sojoji ƙetare. Ranar da zai tafi ya miƙa mini makullin kabad ɗinsa a gaban kukunsa, ya ce in ci gaba da yanka abin da ke kwalaben nan in na sami sarari, in ajiye masa. Da baki ya faɗa, ba a rubuce ba, kukun kuma ya bi shi. In akwai kuskurena to ga shi nan: ban san maganar Bature ma sai da takarda take tsayawa ba.

Bayan wata biyu jan ya ƙare, ga yaƙi, ba a samun wani. Gilasan aiki kuwa ban taɓa ko ɗaya ba, na san na jinin marasa lafiya ne. Waɗanda suka karce aka zubar bayan bariki na tsinto, na goge da toka. Ina zaune ina duban kwalbar jan nan wayam sai na ce a raina, to ai mu a gidanmu jan fata ba daga Ingila yake zuwa ba. Da na zo gida babbar Sallah na ɗebi karan dafin Baba, jan karan dawar nan da yake rina fata da shi, na daka, na jiƙa da ruwan kanwa, na tace sau huɗu da farin ƙyalle. Na farko ya kama komai ya yi baƙi ƙirin. Na biyu ya wanke tas. Na yi ta sirkawa har sati uku, ba ni da agogo, da salatin Annabi nake auna tsawon jiƙon. Sai da na fara tsoma gilashin a ruwan bagaruwa, kamar yadda ba a rina fata sai an jeme ta, sannan na ba shi karan dafi tsawon salati ashirin, na ɗauraye da ɗigon lemun tsami. Da na leƙa, ga shafin nan ya fito jawur, kamar an ja zare tsakanin fatun biyu, ba yankewa, yana kauri a gindin ƙoƙo yana sirancewa a hannuwa. Gilashi arba'in na yi a kan haka, na jera masa su daga gindi zuwa sama.

Sabon likita ya zo bayan Sallah, saurayi ne, ma'aikata sun sa masa suna Maza-maza don ita ce Hausar da ya fara iyawa. Malam Tukur, da yake shi ne babban malamin ayari, shi ya zaga da shi. Ba na nan, muna ƙauye wajen Gubuci. Suka buɗe kabad da makullin ofis suka tarar da kwalabe uku wayam, ga tulun karan dafi, ga ƙwaryar bagaruwa. An gaya mini Malam Tukur ya toshe hanci ya ce wai ɗan majema ya mai da ɗakin likita wurin jima. Da na dawo na roƙa a duba gilasan. Malam Tukur ya leƙa biyu, ya ce waɗannan ai Mai Lofe ne ya yi su da hannunsa kafin ya tafi, da rinin Turai, wai yaushe mai aji biyu zai fitar da wannan da kara da kanwa, wai in na iya to shi ma ya iya tuƙa jirgin sama. Likita bai leƙa ba, yana sauri. Aka rubuta rahoto aka aika sama. Aka kawo mini takarda da Turanci da Hausa, tana cewa ni Ashafa na taɓa kayan likita ba da izini ba, na ɓata su da rinin fata, ba abin da ya yi amfani a ciki. Aka ce in koma gida in yi tunani zuwa farkon Afrilu. A ranar na rubuto maka neman kwalba, don ba yadda zan nuna hannuna ne sai in sake yi a kan wanda Mai Lofe bai taɓa gani ba.

Kwalbarka ta iso saura kwana biyar wa'adin ya cika. Ba madubin likita a Hunkuyi, ba ƙarfen murzawa, ba gilashi. Na narka kyandir biyu da kakin zuma. Na je wurin Lawal wanzami aron aska, ya ce shekara talatin yana aski ba a taɓa kawo masa ciyawa ta tara gashi ba, amma ya zaɓo mini wadda ta fi kaifi, ya wasa ta da kansa. Ummuhani ta ba ni madubinta da ya tsage uku, na kankare bayansa ya zama gilashi, ta ce in Bature ya naɗa ni sarauta in tuna da wadda ta zauna tana sa kwalli da lalube. Murafen gilashi sirara ina da 'yan kaɗan a kwalin ashana, kyautar Mai Lofe. Kananzir ya wanke mini kakin, ƙaro ya manna murfin. Shuɗi ba ni da shi, na gwada shunin marina bai kama ba, na bar shi da ja kaɗai. Da hannu na yi ta yanka a zauren Baba, in ɗaga a rana in zubar, in sake, har na tsayar da guda shida, biyu-biyu a kan kowane ɓallin madubi. Ka gane, Yaya, a makance na yi su. Na hau keken Kawu Iliyasu na bi ta Maƙarfi har Ikara da su a aljihun gaba, ban san ko akwai abin gani a kansu ko babu ba.

Ran Litinin da safe na tsaya a barandar bariki. Malam Tukur ya riga ya shimfiɗa takardar da alƙalami a kan tebur, ya ce wai Allah ya sa hankali ya dawo gida. Na gaishe shi yadda ya kamata, na gai da likita, na ce ina roƙon abu ɗaya kafin alƙalami, ya leƙa da idonsa sau ɗaya. Na ce wannan daga Ikko ya zo makon jiya, wana ne ya kankaro shi, ga sauran a kwalba, ga madubin ƙanwata. Ma'aikata suka taru a bakin taga. Likita ya ɗauki ɓallin madubin yana juyawa, ya dubi agogo, sannan ya zauna gaban madubin likita. Na farko ya yi kauri, ba a ganin komai sai ja. Na ji Malam Tukur ya ja tsaki. Likita ya matsa zuwa na biyu, ya murza, ya sake murzawa. Mutumin da a tsaye yake shan shayi, ya zauna har inuwar baranda ta gusa. Ya ce a ɗauko masa arba'in ɗin nan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗago ya tambaye ni da me na yi, na faɗa masa, ya sa aka rubuta masa sunan karan dafi a bayan ambulan. Ya kira Malam Tukur ya leƙa, Malam ya ce idonsa na ciwo yau. Ni ne na ƙarshen leƙawa. Ga zoben nan biyu, ga jan zaren a tsakani, har tulunan dafi uku na gani da zarensu a naɗe.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Likita ya kori 'yan kallo ya bar mu mu uku. Ya ce ya yarda hannuna ne, aikin kuma ya yi kyau. Amma rahoto ya riga ya tafi da sa hannunsa, in ya janye za a ce sabon likita bai san abin da yake yi ba, babban malaminsa kuma ya yi ƙarya. Ya ce in sa hannu kawai, takarda ce, za a jefa ta a fayil ba mai sake buɗewa, gargaɗi za a yi mini in koma bakin aikina gobe, shi kuma ba zai manta da ni ba ranar ƙarin girma. Malam Tukur ya sassauta murya ya ce haba ƙanen Ja'afaru, ai gata aka yi mini, manya ma suna amsa laifin da ba nasu ba don a zauna lafiya. Na ce a sake karanta mini takardar. Aka karanta. Na ce wa likita ransa ya daɗe, da bakinsa ya ce hannuna ne kuma ya yi kyau, takarda ta ce na ɓata ba abin da ya yi amfani, to wanne zan sa wa hannu? Na ce in za a rubuta cewa na yi aiki da izinin baki ba na takarda ba, na kuma shigo da kayan jima ɗakin likita ban tambaya ba, yanzu zan sa hannu, a yi mini hukuncin da ya dace. Ya ce ba a sake takarda. Na ce to ni ma ba zan sake abin da idona da nasa suka gani ba. Fuskarsa ta yi ja, ya ce in tuɓe kakin aiki in ajiye. Na zaga bayan ɗaki na tuɓe, na ninke, na ɗora makullin kabad a kai. Na nemi gilasan arba'in, ya ce na gwamnati ne ko da a juji aka tsinto su. Amma bai ba Malam Tukur ya wanke ba, na ga ya sa su cikin nasa akwatin ya kulle. Da ɓallayen madubin nan da kwalbarka kaɗai na fito.

Yaya, na san abin da za ka ce, na faɗa wa kaina shi a kan keke tun daga Ikara har Maƙarfi. Aiki ne mai kyau, ina son sa, kuma ban san ranar da zan sake leƙa madubin likita ba. Wannan shi ya fi yi mini ciwo, ba kakin aikin ba. Na kuma san albarkacinka na ci na samu aikin. Malam Tukur ban riƙe shi a zuciya ba. Shekara goma sha biyar yana bauta, aka tsallake shi aka ba ɗan majema makulli, ko ni ne zan ji zafi. Duk inda na gan shi zan durƙusa in gaishe shi don girmansa da abotarku. Amma durƙuso daban, sa hannu daban. In Allah ya dawo da Mai Lofe daga yaƙin nan ya buɗe fayil, sunana zai tarar da hannuna a ƙarƙashin cewa na ci amanarsa. Sannan ba ni kaɗai takardar ta zaga ba, cewa ta yi rinin gidanmu ɓata abu yake yi. Fatun da kake lodawa a jirgi kullum, waɗanda Turawa ke rububin jansu, da wane rini aka yi su?

Da na iso gida ban ɓoye wa Baba komai ba. Yana zaune a zaure ya miƙe gwiwar, ya saurara har na gama. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi abin. Ya ɗaga ɓallin madubin saitin ƙofa, ya kanne ido ɗaya, ba abin da zai gani sai ɗigon ja kamar kashin ƙuda. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce kanwa ta yi yawa, damina biyu wannan jan zai koma ruwan ƙasa, wai wane sakarai ne ya koya mini jiƙa karan dafi da kanwar kasuwa alhali ga toka a gida. Ya ce gobe in tashi da wuri ya nuna mini yadda kakanmu ke yi, in akwai sauran ciyawar a kwalba mu gwada a kai. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Yau kwana shida ina bakin kwatarniya tare da shi, hannuna ya koma launin da ka san shi.

Saboda haka ga roƙona, kuma a durƙushe nake yin sa. Kada ka rubuta takardar ban haƙurin nan. Kai ne babba, in ka ce in zo Ikko in yi dako zan zo, in ka ce in zauna a jima zan zauna, in ka ce kada in sake rubuto maka sai ka huce zan jira. Amma in takarda ta isa Ikara da sunana tana cewa na tuba daga abin da ban yi ba, zan koma in tsaya a gaban likita da Malam Tukur da ma'aikata in ce ba tawa ba ce. Ba na son in ga ranar da zan ƙaryata wana a bainar jama'a. Kada ka kai ni can, Yaya.

Baba yana sa maka albarka. Inna tana gai da gidanka duka, ta ba Sada daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ya kawo muku. Kawu Iliyasu da Ummuhani suna gaisuwa. Ka gai da Safiyatu da kyau, ka shafa mini kan Sani da Bilki, ka gai da maƙwabcinka Malam Sa'idu da duk mutanen garinmu da ke wurin. Allah ya bar zumunci, ya huci zuciyarka, ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ne ƙanenka, mai yi maka biyayya a komai in ban da wannan ɗaya,
Ashafa.